Filin Karatu: Kitsen Rogo da ƴan tare hanya

An gama kaka. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, harawa ta hau bisa itace. Yanzu ne kasuwanni ke cika, daga Sukukutan har Gesheme. Manomi na kai wake da gujiya, makiyayi na kai rago da ɗan maraƙi, kowa na komawa gida da ƴan kuɗi cikin aljihu. Yanzu ne samari ke ɗaure ƴan kayansu su tsaya bakin kwalta, a Kore Mairuwa ko Ɗankasari, suna jiran motar cin rani. Kuma yanzu ne ƴan tare hanya ke fitowa, don sun san lokacin da aljihu ke da nauyi.

Saboda haka littafin da filin ga ya ɗauko cikin watan ga ya zo daidai lokacinshi.

LITTAFIN DA MAI SHI

Sunan littafin Kitsen Rogo. Wanda ya rubuta shi malami ne na Kano, Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya daɗe shina koyar da Hausa a Jami'ar Bayero. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da shi a ƙarshen shekarun 1970.

Kowa ya san rogo. In an ɓare shi fari ne tas, sai ka ce kitse. Mai yunwa in ya hango shi daga nesa sai yawunshi ya tsinke. In ya kai baki sai ya ji babu maiƙo ko kaɗan. Daga nan sunan littafin ya fito.

Labarin na wani saurayi ne ɗan ƙauye. Ya ga kamar duk daɗin duniya a birni shike. Ya bar gida ya shiga birni, ya faɗa hannun miyagun abokai, ya zama ɓarawo, laifi na jawo laifi. Abin da malam Ɗangambo ke son saurayi shi gane shi ne birni kitsen rogo ne, gara mutum shi tsaya ƙauyensu shi riƙe hauyarshi. A lokacin gwamnatin Janar Obasanjo na kiran mutanen Najeriya su koma gona, cikin shirin ciyar da ƙasa da ta buɗe a 1976, don kuɗin man fetur sun janye samari daga ƙauyuka, abinci ya yi tsada. Ba za a faɗi ƙarshen labarin a nan ba, kada a ɓata wa mai karatu.

Wanda ya koyi karatu a cibiyar yaƙi da jahilci za shi iya karanta shi, in ya yi haƙuri da abu biyu. Na farko, harafin ƴ da anka koya a cibiya, mutanen Najeriya na rubuta shi 'y. Na biyu, Hausar Kano ce. Inda mutumin Arewa ke cewa sunka, littattafan Kano da Zariya na cewa suka. Inda shike cewa shina, su yana. Kaso kurkuku ne a wurinsu, lakwal makaranta, kuɗi kuwa naira da kwabo, ba jika da dala ba. Bayan shafi uku ko huɗu ido ya saba.

ZAMANIN DA BINDIGA TA YAWAITA

Sata tsohuwa ce. Tun kaka da kakanni akwai ɓarawon akuya, akwai mai fasa rumbu da dare, akwai masu tare ayarin fatake da baka da takobi. Amma fashi da bindigar soja ya yawaita a Najeriya ne bayan yaƙin basasa, wanda anka yi daga 1967 zuwa 1970. Yaƙi ya ƙare, makamai sun watsu, mutane da yawa sun iya harbi kuma ba su da aiki. A 1970 gwamnatin Janar Gowon ta yi doka cewa wanda anka kama da laifin fashi da makami, hukuncinshi kisa. Anka riƙa ɗaure su ana harbewa gaban jama'a, a bakin teku a Legas da sauran manyan garuruwa. Haka anka yi wa Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971. Mutane dubbai sun je kallo. Fashi bai tsaya ba.

A 1986 wani direban mota, Lawrence Anini, ya hana garin Bini barci. An kama shi a watan Disamba, an harbe shi ran 29 ga Maris 1987. Abin lura cikin shari'arshi shi ne, da anka bincika sai anka tarar wani babban ɗan sanda, George Iyamu, na taimakon ƙungiyar. Shi ma an yanke mashi hukuncin kisa. Tun daga nan ya kamata kowa shi gane ɗan fashi ba shi aiki shi kaɗai. Akwai na bayanshi, wanda ba a gani bisa hanya.

Marubutan Hausa sun ga wannan zamani sun rubuta shi. A 1982 anka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, babban littafi mai kauri, labarin wani Bamaguje, Mailoma, wanda ya zama shugaban miyagu masu bindigogi da tabar wiwi. Wanda karatunshi ya yi ƙarfi za shi ji daɗinshi.

Amma manomin Arewa ba irin su Anini ko Mailoma ke tare shi ba ranar kasuwa. Mai tare shi ya fi kama da saurayin Kitsen Rogo.

SU WA KE TARE HANYA?

Mutum uku ne, ko huɗu. Moto ɗaya ko biyu. Bindiga guda, wani lokaci ƙirar maƙera ce, wani lokaci ma ba harsashi cikinta. Sauran adda da sanda da tocila. Sun rufe fuska da rawani. Suna jira inda hanya ta shiga kwari, ko inda rairayi ke sa moto shi rage gudu, da maraice in kasuwa ta watse. Suna cewa kowa shi kwanta, shi ya sa ake ce masu ƴan kwanta-kwanta. Su amshe kuɗi, su amshe salula, su hau moton mai kabu-kabu su tafi.

Mi ya sa suke rufe fuska? Baƙon da ya fito nesa ba shi tsoron a gane shi. Mai rufe fuska, mai canza murya, mai hana a ɗaga kai, shi ne wanda ya san in an kalle shi za a kira sunan ubanshi.

Kuma ga wata tambaya. Mutum goma sun taso daga kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi. Tara sun sayi gishiri da sabulu sun juya. Ɗaya ya saida sa, ya ɗaure kuɗin a ƙugu ƙarƙashin riga. Yaya anka yi ƴan fashi sunka wuce taran sunka nufi na goman, har sunka ce shi kwance ɗamara? Wani ya gani. Wani ya tsaya kusa lokacin da ake ƙirga kuɗin, ya matsa gefe ya buga salula, ya faɗi launin riga da hanyar da za a bi. Mutanen hayin iyaka na ce ma irin wanga mutum infoma. Ba shi riƙe bindiga, ba shi zuwa daji. Da maraice shina cikin masu zuwa jaje. Da ɗan gari akan ci gari.

Bayanshi akwai mai bindiga, wanda ke bada ta haya. Akwai mai moto. Akwai boka mai bada layar ɓata da maganin ƙarfe, wanda ya san sarai abin da za a yi da su. Akwai kuma babbansu duka, ɓarawon zaune, mai sayen kayan sata. In rago ne shi ke yanka shi kafin gari shi waye. In moto ne shi ke warware shi, a saida injin gabas a saida ƙafafu yamma. In shanu ne shi ya san wanda za shi kora su hayin iyaka. Daga Dutsi zuwa iyakar Najeriya ba nisa bisa moto, daga Tibiri da Dumega kuwa ya fi kusa. Saniyar da anka kora da dare, kafin mai ita shi gama bin sawu ta shiga wata ƙasa, ta shiga wata kasuwa, ta shiga mota. Haka kuma wadda anka sato can take shigowa nan.

LISSAFI

Tun da masu karatun jaridar ga sun koyi lissafi, ga misali a gwada bisa allo. Misali ne kawai.

A ce manomi ya saida sa jika 300. Samari huɗu sun tare shi sun amshe. Mai kai labari ya ɗauki jika 30. Mai bindiga ya ɗauki jika 60. Mai moto da esansi, jika 30. Boka, jika 20. Nawa ya tafi? Jika 140. Nawa ya rage? Jika 160. A raba huɗu: kowa jika 40.

Jika 40. In shekarar araha ce, buhu biyu na hatsi. In shekarar tsada ce, buhu guda da ɗan canji. Don wannan ne saurayi ya sa wuyanshi. In an kama, shi za a kama. In an yi harbi, shi za a harba. In mai sa ya gane shi, shi ne zai rasa yadda za shi yi, har tsoro shi sa shi danna kunamar bindiga, daga ɓarawo shi koma mai kisan kai. Waɗanda sunka ci jika 140 kuwa suna kwance bisa gadajensu.

In kaya ne ba kuɗi ba, abin ya fi muni. Ɓarawon zaune ba shi sayen kaya da darajarsu, don ya san mai kawowa ba shi da bakin ciniki, ba shi da inda za shi kai ƙara. Kuma jika 40 na fashi ba su zama jari. Ba a iya sayen tunkiya da su a ɗaure, don za a tambaya. Sai su tafi ga caca da tramol da nama da mata cikin kwana kaɗan. In sun ƙare sai a koma hanya. A nan sunan littafin ya faɗa daidai, ko da malam Ɗangambo birni shike nufi.

Manomin kuwa, san da ya yi shekara uku shina ba dusa da harawa ya tafi cikin minti biyar. Da shi za a yi auren ɗiya, da shi za a sayi hatsin bazara. Bana sai bashi, ko jinginar gona.

INDA LITTAFIN YA GAZA

Littafin ya ɗora laifi bisa birni da barin gida. A nan mutumin Arewa ba za shi yarda da shi duka ba, kuma shina da hujja.

Damina a ƙasar ga wata uku ce zuwa huɗu. Gonaki sun gaji, iyali sun yi yawa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Gida nawa ne hatsinsu ke kai su wata damina? Cin rani shi ke cike giɓin. Saurayin da ya tafi Yamai ko Sakkwato, ko Legas, ko Kwatano, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya saida shayi, ya rage wa rumbu baki guda, ya kuma aiko da na cefane. Dattawa ba su manta ba: a watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ƴan Nijar da yawa sunka dawo hannu sake. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi damina ta ƙi. Yunwar shekarar har sunan El-Buhari anka sa mata. A lokacin kowa ya ga abin da hanyar cin rani ke ɗauke wa ƙauye. Cikin samari ɗari da ke tafiya, mafi yawa da guminsu suke dawowa. Ba daidai ba ne a kalle su da idon zargi.

Abu na biyu ya fi nauyi. A zamanin littafin, sai saurayi ya je birni kafin shi haɗu da masu koya mashi fashi. Yau ba sai ya je ko'ina ba. Moto ya shigo kowane ƙauye. Salula na aljihun kowa. Ƙwaya na cikin tiren mai talla. Bindigogi sun yawaita a ƙasashen Sahel tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Mugun aboki na iya zama a fada guda da yaro, suna shan shayi buta ɗaya, a bayan gidan ubanshi. Uban da ya hana ɗanshi tafiya cin rani don tsoron birni, ya kuma bar shi zaune wata bakwai ba aiki ba ko dala, bai tsare shi daga komi ba.

Ƴan shekarun ga ma sun ƙara matse samarin bakin iyaka. Da yawa da jarkar esansi suke ci. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Tinubu ya janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka, ribar jarka ta ragu ƙwarai. Bayan 26 ga Yuli na wannan shekara takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka har farkon 2024. Rashin aiki ba shi maida mutum ɓarawo, matalauta masu amana sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma mai neman yaran da za shi ba bindiga haya ya san inda za shi duba.

ƘARAMI SHI KE ZAMA BABBA

Wani za shi ce: to, ai ƴan ƙananan ɓarayi ne, ina ruwan jarida da su, ga manyan masu bindiga a daji? Sai shi dubi Zamfara. Abin da ya cinye ƙauyukanta ya faro ne wajen 2011 da satar shanu da tare hanyar kasuwa. Anka yi sake. Da abin ya yi yawa, ƴan sa-kai sunka tashi, sunka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba bincike, mai laifi da marar laifi. Waɗanda anka kashe wa dangi sunka shiga daji sunka nemi bindiga. Daga satar saniya anka koma satar mutum. Wutar ta tsallako iyaka ta kama Madarunfa da Gidan Runji a jihar Maraɗi, inda anka riƙa kwashe bisashe da mutane ana neman kuɗin fansa.

Ƙasar Arewa ma ta ɗanɗana. A watan Fabrairu na 2019 masu bindiga sun kashe jandarmomi a Bagaji. Ran 12 ga Yuni 2024 an kashe sojoji 6 masu tsaron bututun mai a yankin Tibiri. Waɗanga ba ƴan kwanta-kwanta ba ne, manya ne masu manyan makamai. Amma duk wanda ya zo daga nesa shina bukatar wanda ya san hanya, wanda ya san gidan mai shanu, wanda za shi sayo mashi esansi da burodi, wanda za shi saida mashi abin da ya kora. Waɗanga ayyuka ƙaramin ɗan fashi da ɓarawon zaune sun riga sun iya su.

A hayin iyaka, cikin Gudu da Tangaza na jihar Sakkwato, wasu garuruwa sun taɓa maraba da baƙi masu bindiga don su kore masu ɓarayin shanu. Baƙin sunka zauna, sunka fara amsar zakka da ƙarfi, sunka kafa dokokinsu. Su ne ake kira Lakurawa. A watan Nuwamba na 2024 sun kori shanu a Mera, cikin Augie ta jihar Kebbi. Mutanen gari sunka bi su, anka kashe mutum 15. Arawa mutane ne masu zuciya, kowa ya san abin da Sarauniya ta yi a Lugu a 1899. Amma zuciya da sanda ba su tare bindigar soja, kuma bin sawu aikin jandarma ne da soja.

Makiyayi da manomi su lura da abu guda. Ɗan fashi na son a ce Bafulatani ne ya yi, ko a ce Bamauri ne ya yi, don in gari ya rabu biyu ba mai neman sunanshi. Rawani kowa na iya naɗawa. Makiyayi shi ne ma na farkon hasara, don dukiyarshi a fili take kwana.

CIKIN GIDA

Ga inda maganar ke da wuya, kuma a nan ne ya kamata masu karatun littafin su daɗe.

Yaro bai tafi cin rani ba, bai yi lambu ba, bai yi dako ba. Sai ga shi da sabuwar salula. Bayan wata guda ga takalmi. Shina fita bayan isha'i, shina dawowa da asuba, ƙafafunshi duk ƙarangiya. Ya kawo wa uwarshi turmin zane. Ta amsa, ta sa albarka, ba ta tambaya ba. Uban ya gani ya kau da kai, don shekara ta yi wuya kuma yaron ne ke sayen cefane. Maƙwabta sun gani, sun ce ba ruwansu, kada a ɓata zumunta. Mai gari ya ji, ya ce ba wanda ya kawo mashi ƙara.

Ba wanda ke cewa abu ne mai sauƙi uba shi kai ɗanshi gaban hukuma. Amma tsakanin yin shiru da kai shi kaso akwai hanya mai tsawo, kuma da wuri ake kama ta. Ranar salula ta farko ake tambaya: ina ka samu? In amsar ba ta zauna ba, a ƙi amsar zanen, a ƙi cin naman. A kira kawunshi da limami a rufe ƙofa. In kayan wani ne a maida ta hannun mai gari. Yaron da ya ga gidansu ya ƙi kuɗinshi ya san an gane shi, kuma tun bai zubar da jini ba ana iya juyo da shi. In an bari sai ranar da anka kawo gawarshi bisa amalanke, ko ta wanda ya kashe, to ba sauran abin da kawu da limami za su iya.

Sai kuma araha. Akuyar da kowa ya san ta kai jika 25, wani ya kawo ta bayan gida da dare ya ce a ba shi jika 10. Mai saye ya san abin da shike saye. Dokar hukunta laifuffuka da Nijar ta kafa tun 1961 ta sa ɓoye kayan sata da sayensu da sani cikin laifuffuka, kuma ta ware wa satar bisashe hukunci nata na musamman, mai tsanani. Faɗar "ban sani ba" gaban alƙali ba ta da ƙarfi in an sayi dabba da dare, ba dillali, ba shaida, da rabin kuɗinta. Mai son kanshi da lafiya shi sayi bisa a kasuwa da rana, gaban dillalin da ya san mai ita, shi amshi takarda shi adana. Wanda ya iya rubutu shi rubuta cikin ɗan littafinshi ranar saye, da sunan dillali, da launin dabba da alamarta. Haka makiyayi shi rubuta alamun garkenshi. Ranar da anka je gaban jandarma, wanga ɗan rubutu ya fi rantsuwa goma.

Mai saida sa kuma shi rage ƙirga kuɗi a tsakiyar jama'a. In garin na da gidan aika kuɗi, irin su Nita ko Al Izza, shi zuba su can shi ɗauka a inda ya fi kusa da gida. A taso daga kasuwa da sauran rana, a tafi cikin ayari. In an tare mutum da bindiga shi bada abin da anka nema. In kuma ya gane murya, kada shi kira suna a wurin. Shi riƙe har ya isa gida, shi faɗa wa mai gari ko jandarma a keɓe. Su ma masu amsar labari nauyi na kansu: in sunan mai kawo labari ya fita sau ɗaya, gari duka za shi rufe baki shekara goma.

Ɓarawon da anka kama a miƙa shi ga hukuma da ranshi. Ban da haramcin kisa ba shari'a, akwai wani dalili da ba a cika tunawa ba. Yaron da anka kashe da duka ya tafi da sunan mai bindiga, da na mai kai labari, da na ɓarawon zaune. Sau da yawa mai ɗaga murya a kashe shi, a kashe shi, shina da abin da ba shi son yaron shi faɗa.

IN YA DAWO

Littafin na kiran saurayi shi koma ƙauye. To, in ya komo fa? Wanda ya gama wa'adinshi a gidan kaso ya sauka daga mota da leda guda a hannu. Ƴan'uwa sun raba gonar. Ba mai ba shi ɗiya. In kaza ta ɓata a unguwa, ƙofarshi ake fara bugawa. Mutum ɗaya ne a garin ke mashi fara'a, shi ne mai bindigar haya.

A Dogon Dutsi da garuruwan Dallol Mauri ruwa ba shi da zurfi a wurare da yawa, kuma dankalin turawa na Dutsi ya yi suna har Yamai. Aikin lambu na rani na son hannu: haƙa, ban ruwa, tsaro, ɗauka. Mai lambun da ya ba irin wanga saurayi ƴan komai biyu ko uku ya ce a raba amfani bai yi hasarar komi ba, kuma ya san inda yaron ke kwana. Amma wani mai lambu za shi ce: in ya gudu da injin ban ruwa fa, wa za shi biya? Shi ma maganarshi abin dubawa ce.

Wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa Sakkwato ko Kano shi sa a tambayo mashi littafin wurin masu saida littattafan Hausa. Kwafi guda ya isa cibiya guda: malami shi karanta da ƙarfi, ɗalibai su amsa layi-layi. In an gama, ga tambayar da za a tattauna: mutumin da ya fito kaso saboda fashi ya nemi aiki a lambu, ko ya nemi tafiya da garke, a ba shi ko a hana shi, kuma wa ya kamata shi tsaya mashi? Cibiyar da ta tattauna ta rubuto amsarta da hannun ɗalibai, ta ba mai kula da yaƙi da jahilci na Dutsi ko na Tibiri. Za a buga amsoshin a filin ga, da sunan gari, ba da sunan mutum ba.